Motocin da ke tuƙa kansu: Za su rage cunkoso a birane ko ƙara shi za su yi?

A watan Agustan 2024, mazauna wasu gidajen bene a unguwar South of Market da ke birnin San Francisco na Amurka sun kwashe kwanaki ba sa samun barcin kirki.

Da misalin ƙarfe huɗu na asuba sai ƙarar hon ta cika unguwar. Idan suka leƙa ta taga, sai su ga fararen motoci a wani filin ajiye motoci suna gaba suna baya, kowacce na danna wa 'yar'uwarta hon.

Babu mutum ko ɗaya a cikinsu.

Motocin hayar kamfanin Waymo ne masu tuƙa kansu, waɗanda ke komawa filin idan fasinja ya yi ƙaranci. Kamfanin ya ce an tsara su ne su yi hon idan wata mota ta matso su da baya, kuma bai yi hasashen abin zai riƙa faruwa a tsakaninsu ba. Daga baya ya gyara manhajar.

Mutane da dama sun yi dariya da labarin. Sai dai ya tuna wa mahukuntan birane wani abu da aka manta a cikin ɗokin fasahar: ko da an cire direba, motar tana nan da girmanta. Tana buƙatar titin da za ta bi da wajen kwana, kuma tana yawo ko da babu kowa a ciki.

Daga gwaji zuwa kan titi

Kamfanin Google ne ya fara aikin a 2009, sannan aka mayar da shi kamfani mai suna Waymo a ƙarshen 2016. A watan Oktoban 2020 ya buɗe wa jama'a motocin haya marasa direba a yankin birnin Phoenix na jihar Arizona.

Ranar 10 ga Agustan 2023 hukumar kula da harkokin amfanin jama'a ta jihar Kalifoniya ta amince wa Waymo da abokin gasarsa Cruise su riƙa ɗaukar fasinja suna karɓar kuɗi dare da rana a San Francisco. Bayan nan Waymo ya shiga Los Angeles da Austin da Atlanta. A watan Afrilun 2025 ya ce yana yin jigila fiye da 250,000 a kowane mako.

A China kuma, kamfanin Baidu na da ɗaruruwan irin waɗannan motoci da ake kira Apollo Go a birnin Wuhan. Tesla ya fara nasa gwajin a Austin a watan Yunin 2025, shekara shida bayan da Elon Musk ya yi alƙawarin cewa motocin haya marasa direba miliyan ɗaya za su hau titi a 2020.

Fasinja kan kira motar ne ta manhajar waya. Idan ta iso ya buɗe ƙofa da wayarsa, ya zauna, ya taɓa allo, sai ya ga sitiyari na juyawa da kansa.

Abin da ke maye gurbin idon direba na'urori ne iri uku: kyamarori, da rada, da wata na'ura mai suna lida da ke harba hasken leza tana auna nisan duk abin da ke kewaye. Kwamfutar motar na haɗa waɗannan bayanai da taswirar da kamfanin ya riga ya zana ta kowane titi, har da wurin da kowace danja take.

Shi ya sa motar ba ta zuwa ko'ina sai unguwannin da aka zana mata. Idan kuma ta gamu da abin da ya ɗaure mata kai, akwai ma'aikata a ofis da ke duba kyamarorinta su ba ta shawara.

Hujja mafi ƙarfi: rayukan mutane

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin mota a kowace shekara, kuma shi ne ya fi kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. A Amurka kaɗai ana rasa kusan mutum 40,000 a shekara.

Kwamfuta ba ta gyangyaɗi, ba ta shan ƙwaya, ba ta duba saƙo a waya, ba ta kuma gudun wuce sa'a don ta riga wani ɗaukar fasinja. Wannan ce babbar hujjar masu goyon bayan fasahar, kuma alƙaluma sun fara mara musu baya.

A ƙarshen 2024 kamfanin inshora na Swiss Re da Waymo sun fitar da wani bincike kan tafiyar kimanin kilomita miliyan 40 da motocin suka yi ba direba. Sun gano cewa neman diyyar lalata dukiya ya ragu da kashi 88 cikin 100, na jikkata mutane kuma da kashi 92, idan aka kwatanta da motocin da mutane ke tuƙawa.

Akwai abin lura a nan. Da hannun kamfanin a binciken, kuma an yi tafiyar ce a birane masu ɗumi da ba su san ƙanƙara ba, a titunan da aka zaɓa. Duk da haka tazarar na da yawa.

Ga makafi da tsofaffin da suka daina tuƙi, motar na nufin fita ba tare da roƙon wani ba. Wasu mata ma na cewa hankalinsu ya fi kwanciya da daddare idan babu baƙon namiji a gaban mota.

Lokutan da ta gaza

Daren 18 ga Maris na 2018, wata motar gwaji ta Uber ta kaɗe wata mata da ke tsallaka titi tana tura keke a garin Tempe na Arizona, ta mutu. Akwai ma'aikaciya a kujerar direba, amma hankalinta na kan waya.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa na'urorin sun hangi matar fiye da daƙiƙa biyar kafin karon, amma kwamfutar ta kasa tantance ko mece ce. Ba a tsara ta da tunanin mutum zai iya tsallakawa a inda babu alamar tsallaka titi ba.

Ranar 2 ga Oktoban 2023 a San Francisco, wani direba ya kaɗe wata mata ya tsere, ta faɗa gaban motar Cruise. Motar ta taka birki, amma ba ta gane cewa matar na ƙarƙashinta ba, sai ta yi ƙoƙarin gangarawa gefen titi, ta ja ta kusan mita shida.

Bayan mako uku hukumomin Kalifoniya suka dakatar da lasisin Cruise, suna zarginsa da ɓoye wani ɓangare na abin da ya faru. A Disambar 2024 kamfanin General Motors ya daina zuba kuɗi a harkar, bayan kashe fiye da dala biliyan 10.

Akwai kuma matsalolin da ba su kai ga zubar da jini ba, amma suna hana birni sakat. Shugabar 'yan kwana-kwana ta San Francisco a lokacin, Jeanine Nicholson, ta koka a 2023 cewa motocin sun yi wa jami'anta katsalandan fiye da sau 50 a shekarar, wasu sun tare hanyar motocin kashe gobara, wasu sun kutsa inda aka killace.

A Disambar 2025 wutar lantarki ta ɗauke a wani babban ɓangare na birnin, fitilun danja suka mutu. Motocin Waymo da dama suka tsaya cak a mahaɗun tituna, har kamfanin ya dakatar da aiki na wani lokaci.

Injiniyoyi na iya gyara irin waɗannan kurakurai ɗaya bayan ɗaya. Tambayar da ta fi wuya ita ce: idan an gyara su duka, wane irin birni za a samu?

Lissafin birnin Lisbon

Farfesa Donald Shoup na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin wuraren ajiye motoci, ya yi fice da wani lissafi: motar gida na kwashe kusan kashi 95 cikin 100 na lokacinta a ajiye.

Kowace mota na da wajen kwana a gida, da wani a ofis, da wani a kasuwa. Filayen da za a iya gina gidaje ko makarantu ko a dasa bishiyoyi, an shimfiɗa musu kwalta don ƙarfen da ke zaune.

A 2015 cibiyar nazarin sufuri ta ƙungiyar OECD ta yi wani gwaji a kwamfuta da bayanan tafiye-tafiyen mazauna Lisbon, babban birnin Fotugal. Ta tambayi abin da zai faru idan motocin haya marasa direba suka maye gurbin motocin gida.

Amsar farko ta burge kowa. Idan fasinjoji suka yarda a haɗa su a mota ɗaya, kuma jiragen ƙasa na cikin gari suka ci gaba da aiki, za a iya janye mota tara cikin kowace goma. Ajiye mota a gefen titi zai zama tarihi.

Amma binciken na da amsa ta biyu da ba a cika ambata ba. Idan kowa ya ce shi kaɗai zai hau tasa, kuma babu jiragen ƙasa, yawan kilomitar da motoci ke yi a birnin zai ƙaru da kashi 89 cikin 100.

Fasahar iri ɗaya ce a duka lissafin biyu. Abin da ya bambanta shi ne yadda aka tsara amfani da ita. Robin Chase, wadda ke cikin waɗanda suka kafa kamfanin hayar motoci na Zipcar, ta kwatanta hanyoyin biyu da aljanna da wuta.

Gwajin direba kyauta

Wanne daga ciki mutane za su zaɓa? Wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ƙarƙashin Mustapha Harb, sun nemo wata dabara ta gano hakan.

Sun ba iyalai 13 a yankin San Francisco direba kyauta na sa'a 60 a cikin mako ɗaya, suka ce su ɗauke shi tamkar motarsu ce ke tuƙa kanta. Sannan suka auna tafiyarsu kafin makon, da cikinsa, da bayansa.

Tafiyar motocin ta ƙaru da kashi 83 cikin 100. Tsofaffi suka koma fita da daddare da zuwa wurare masu nisa. Iyaye suka riƙa aika mota ta ɗauko yara ko ta karɓo saƙo. Da aka maimaita gwajin da gidaje 43 a birnin Sacramento, ƙarin ya kai kashi 60.

Duk wanda ya san gidan da ke da direba a Abuja ko Kano ba zai yi mamaki ba. Direba ya kai yara makaranta ya dawo shi kaɗai, ya kai Hajiya asibiti ya dawo, ya kai wa Alhaji abinci ofis, ya sake fita ɗauko yara. Rabin zirga-zirgar babu fasinja.

Abin da ke taƙaita hakan a yau shi ne ba kowa ke iya biyan albashin direba ba. Mota mai tuƙa kanta na nufin kowane mai mota ya samu direban da ba ya gajiya kuma ba ya karɓar albashi.

Wanda ba ya son biyan kuɗin fakin a tsakiyar gari zai iya cewa motarsa ta yi ta zagaye har ya gama abin da yake yi. Wanda zai iya barci ko aiki a hanya kuma ba zai damu ba idan gidansa ya yi nisan sa'a biyu da ofis, abin da zai sa birni ya yi ta faɗaɗa yana cinye gonaki.

San Francisco ta riga ta ɗanɗana irin wannan. Lokacin da Uber da Lyft suka zo, an ce za su sa mutane su daina sayen mota. A 2018 hukumar sufuri ta birnin ta fitar da rahoton da ya ɗora musu alhakin kusan rabin ƙaruwar cunkoson da aka samu daga 2010 zuwa 2016.

Dalili shi ne motocin na yawo babu fasinja tsakanin jigila da jigila, kuma da yawa daga masu hawansu da can bas suke hawa, ko keke, ko su taka da ƙafa. Alƙaluman da Waymo ke miƙa wa hukumomin Kalifoniya sun nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na tafiyar motocinsa ma babu kowa a ciki.

Titi ba ya miƙewa kamar roba

Masu ƙera motocin na cewa kwamfuta za ta iya jera motoci kusa da juna, ta daina birkin da ba dalili, titi ya ɗauki motoci fiye da na yanzu. Ko da hakan ta tabbata, masana sufuri sun daɗe da sanin abin da ke biyo baya.

A birnin Houston na jihar Texas an kashe kimanin dala biliyan 2.8 wajen faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, har ta kai hannu 26 a wasu wurare. Cikin 'yan shekaru cunkoson ya dawo. Da zarar tuƙi ya yi sauƙi, sai ƙarin mutane su fito da mota har titin ya sake cika.

Ƙungiyar jami'an sufuri na biranen Amurka, NACTO, ta ƙiyasta cewa hannu ɗaya na titi na ɗaukar mutum 600 zuwa 1,600 a sa'a idan motocin gida ne ke binsa. Idan aka keɓe shi ga bas, yana ɗaukar 4,000 zuwa 8,000. Hanyar masu tafiya da ƙafa mai faɗi ɗaya na ɗaukar kusan 9,000.

Babu manhajar da za ta sauya wannan lissafi. Mutum hamsin a bas ɗaya sun fi mutum hamsin a mota hamsin barin wa kowa fili, ko wane ne ke riƙe da sitiyari.

An taɓa yin irin wannan alƙawari

Masanin tarihi Peter Norton na Jami'ar Virginia ya rubuta yadda titunan Amurka suke kafin shekarun 1920: yara na wasa, 'yan talla na ciniki, mutane na tsallakawa ta inda suka ga dama.

Da motoci suka fara kashe yara da yawa, jama'a suka harzuƙa. A 1923 mutum 42,000 a birnin Cincinnati suka sa hannu a takardar neman a tilasta sanya wa motoci na'urar da za ta hana su wuce gudun kilomita 40 a sa'a. Dillalan motoci suka yi gangami, ƙudurin ya faɗi a ƙuri'a.

Daga nan aka juya laifin kan mai tafiya da ƙafa. Los Angeles ta kafa doka a 1925 da ta taƙaita inda mutum zai tsallaka titi, sauran birane suka kwaikwaya. A bikin baje kolin duniya na New York a 1939, General Motors ya nuna wa miliyoyin mutane samfurin birnin gobe mai manyan hanyoyi da babu cunkoso. Hanyoyin an gina su, unguwanni da dama an rushe su, cunkoson kuma bai tafi ba.

Fargabar Norton da ire-irensa ita ce tarihi ya maimaita kansa. Kwamfuta ta fi jin daɗin titin da komai ke bin ƙa'ida. Idan mai tura baro ko yaron da ya biyo ƙwallo na rikita ta, za a iya cewa a kafa shinge a kore su, maimakon a gyara motar.

Ga kuma batun abincin mutane. A 2024 direbobin tasi a Wuhan sun koka cewa motocin Apollo Go, waɗanda ke karya farashi da rangwame, na ƙwace musu fasinja. A biranen da tuƙin haya ya zama mafakar matasan da ba su samu aikin ofis ba, wannan tambaya za ta fi zafi.

Abin da ke hannun birane

Wasu birane sun kai ga abin da motar ke alƙawari ba tare da jiran ta ba.

Oslo, babban birnin Norway, ya kammala 2019 ba tare da mota ta kashe mai tafiya da ƙafa ko mai keke ko ɗaya ba. Helsinki na ƙasar Finland ya yi shekara guda cur zuwa Yulin 2025 babu wanda ya mutu a haɗarin titi. Jami'an birnin sun danganta hakan da rage gudu zuwa kilomita 30 a sa'a a fiye da rabin tituna, da gyara mahaɗu, da inganta sufurin jama'a.

Kan cunkoso kuwa, Singapore ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari da mota tun 1975, Landan ta bi a 2003, Stockholm a 2007. New York ta fara karɓar dala 9 a Janairun 2025.

Irin waɗannan matakai ne masana ke ba da shawarar a shimfiɗa kafin motoci marasa direba su yi yawa: a sa haraji kan kowace kilomitar da mota ta yi babu fasinja, a keɓe wa bas hannunsa, a tilasta wa kamfanoni bayyana alƙaluman haɗurra da na zirga-zirga, sannan filin fakin da ya zama babu amfani a mayar da shi gidaje da wuraren shan iska.

Matsalar ita ce ba kullum birnin ke da ta cewa ba. Hukumomin sufuri da na kashe gobara na San Francisco sun yi adawa da faɗaɗawar 2023, amma ikon ba da lasisi na hannun jiha, kuma jiha ta amince.

Mota mai tuƙa kanta na iya zama direban da ya fi kowa natsuwa a kan titi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga duk iyalin da haɗari ya taɓa yi wa giɓi. Amma ko ma'aikaci zai isa wajen aiki a kan lokaci, ko yaro zai iya takawa zuwa makaranta shi kaɗai, ya dogara ne da wanda aka bar wa titin. Wannan hukunci a majalisun birane da na jihohi ake yanke shi, kuma a wurare da dama yanzu ake kan muhawarar.